Kifi da Tauraro a Motar Dolina

A arewacin tsibirin Lewis babu wanda bai san Dolina MacAskill ba, 'yar Murdo, mai motar ba da aron littattafai. Tun tana da ƙuruciyarta take jan ƙatuwar motar nan ƙauye-ƙauye, ta tsaya a bakin hanya ta danna hon, tsofaffi su fito da jakunkunansu. Ko iska na neman kifar da motar, ko tumaki sun kwanta mata a tsakiyar titi, ita dai sai ta zo. Ba ta yi aure ba, kuma ba ta taɓa cewa ta yi asara ba. Gajeriya ce mai kaurin murya, ga saurin hawa, ga saurin sauka.

Tinƙahonta ɗaya ne a duniya: ta san littafin da kowa ke so tun kafin ya buɗe baki. Kai ma ba ka isa ka zaɓa wa kanka ba.

"Ajiye wannan, Kirsty, ba naki ba ne," za ta ce wa wata tsohuwa. "Karen mutuwa yake yi a ƙarshe, ki zo ki cika mana gari da kuka. Ungo wannan, kowa yana nan da ransa har shafin ƙarshe."

Asirin sanin nata a bangon bayan littattafan yake. Tsofaffin tsibirin ba sa yarda da ƙwaƙwalwarsu, don haka duk littafin da mutum ya gama sai ya zana 'yar alamarsa da fensir a cikin bangon, kada ya sake ɗauko shi. Wannan da'ira, wancan ɗigo uku. Doka ta hana, Dolina kuma tana zazzaga faɗa a kai, amma da ta rufe ƙofar mota sai ta zauna ta bi bangwayen ɗaya bayan ɗaya tana duba wa ya karanta me.

Gidan da ta fi sani shi ne na Tormod Macaulay, tsohon masunci kuma dattijon coci, mutumin da ko dariya sai an yi sa'a. Shi bai taɓa taka motar ba. Matarsa Effie ce ke zuwa da jakar saƙa, ta cika ƙasanta da labaran soyayya, ta ɗora na yaƙi da jiragen ruwa a sama. Idan sun dawo, na soyayya da ɗan kifi a bangonsu, na yaƙi da tauraro. To me ya rage? Kifi na Effie, tauraro na maigida. Dolina takan ma tsokane ta.

"Ke da shekarunki, Effie, ba kya gajiya da masu rungume-rungumen nan?"

"Ke dai zuba mini, 'yar Murdo," in ji Effie tana danne dariya. "Mai ƙarshe mai daɗi, ban da wanda ake rabuwa."

Wata safiya a ƙarshen hunturu Effie ta karɓi littattafanta kamar kullum, ta nufi gida. A bakin ƙofa ta yanke jiki ta faɗi da jakar a hannunta, ba ta sake farfaɗowa ba.

Bayan an yi makoki, Dolina ta ga hakkin Tormod ya dawo wuyanta. Ta zaɓo masa mafi kyawun littattafan teku ta kai masa har gida. Ya karɓa, ya yi godiya. Zagaye na gaba ya mayar, babu tauraro ko ɗaya. Ta ce baƙin ciki ne, ta canza masa wasu. Haka aka yi ta yi har bazara ta wuce. Mutumin ya rame, rigar sanyinsa ta koma kamar ta aro. Da ka wuce za ka hango shi ta taga a zaune, ya zuba wa kujerar Effie ido.

'Yarsa Catriona ta zo daga Glasgow, ta tare Dolina a bakin mota.

"Anti Dolina, ba ya cin abinci, ba ya magana. In hunturu ya shigo yana haka, tafiya zan yi da shi. Akwai gidan tsofaffi kusa da ni."

Dolina ta girgiza kai. Ta san tsofaffin da aka raba da tsibirin nan, ba sa daɗewa. Kuma abin ya ci mata rai ƙwarai, ita da ke cika baki ta san ciwon kowa da maganinsa, ga mutum yana narkewa a gabanta ta rasa littafi ɗaya da zai buɗe.

Da kaka, ran nan Tormod ya fito da kansa ya miƙo mata jakar Effie, wadda ta faɗi da ita.

"Kayanku ne, 'yar Murdo. Sun daɗe a wurina."

Sai da ya juya ta zazzage jakar. Hannu ya riga ya saba, ta buɗe bangon na soyayyar farko. Ga kifi. Na biyu, kifi. Na uku ma haka. Ta buɗe na yaƙin da ke sama, fayau, babu komai.

Dolina ta zauna a kan matakalar mota. Effie ko ƙofa ba ta shige da littattafan nan ba, to wa ya zana? Ta ƙura wa kifin ido, sai yanzu ta ga an fitar masa da ƙaya da ƙege daidai, zanen wanda ya ƙare rayuwarsa yana cire kifi daga taru. Nan ta tuna mahaifin Effie a teku ya rasu lokacin yaƙi, tana jaririya. Ashe ita ce mai tauraro, tana bin labaran jirage tana neman uban da ba ta sani ba. Shi kuma dattijon coci, da a ce ya shigo mota gaban matan ƙauye ya nemi labarin soyayya, gara ya nitse. Shekara da shekaru matarsa tana shan tsokana don ta rufa masa asiri, ita kuma uwar masana tana ta ɗura wa mai makoki littattafan marigayiya. Kunya ta kama ta, tausayi ya fi kunyar.

Ba ta gaya wa kowa ba, ta bar kaza cikin gashinta. Ta cika jakar da sababbin labaran soyayya masu ƙarshe mai daɗi, ta ɗora na jirgin ruwa ɗaya a sama yadda Effie ke yi, ta ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Ya leƙa cikin jakar, kunnuwansa suka yi ja.

"Waɗannan ai ba nawa ba ne."

"Wa ya ce naka ne, Baba Tormod? Sababbi ne aka aiko. Effie ce ke duba mini ko akwai shafin da ya yage, yanzu ba ni da mai dubawa. Ni da aiki ya sha mini kai. Ka dai bi su shafi-shafi, kada ka tsallake."

Ya daɗe yana kallonta. Ita kuwa ta kafe idonta a kan tumakin maƙwabta.

"To," ya ce. "In don taimako ne."

Da Catriona ta dawo farkon hunturu da niyyar haɗa masa kaya, ta same shi ya ci rabin tukunyar miya, yana mitar an bar masa fitila marar haske. Ta koma Glasgow ita kaɗai.

Ranar zagaye ya kawo jakar da kansa har cikin mota, bayan matan sun watse.

"Babu wanda ya yage," ya ce. "Sai dai akwai wani sakaran saurayi a ciki, da ɗana ne da ya sha mari."

Dolina ta shiga buɗe bangwaye. Kifi, kifi, kifi. Ta ɗauki na jirgin ruwan za ta mayar kan kanta, sai hannu ya buɗe shi don sabo. Ga tauraro a karkace, zanen wanda bai taɓa zana tauraro ba.

Ta ɗago. Tormod ya riga ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa, ya ba ta baya.

"Wannan ya yi mata," ya ce. "Na karanta mata shi duka a gaban kujerarta. Ki riƙa sako mata ɗaya."