Kafin a Dawo daga Masallaci

Lokacin da aka ba ni shugabancin sashen lafiya a wata ƙaramar hukuma ta ƙasar Gumel, ni kaɗai ce mace a taron shugabannin sassa. Ba zan yi musu ƙazafi ba, babu wanda ya taɓa ɗaga mini murya. Kujera mai taushi tawa ce, kusa da fanka. Ina shigowa sai ka ji, "Uwarmu ta iso." Ni kuwa tun ina yarinya, in ladabi ya yi yawa sai in fara waiwaye.

Sannu a hankali na lura cewa duk maganar da ke da nauyi ba a taɓo ta sai dab da azahar. Ina cikin bayani ladan zai kira salla, shugaban taro ya ce, "To, a je a ba da farali." Su ɗunguma zuwa masallacin sakatariya, ni in shimfiɗa darduma a ofis. In na idar sai in dawo, daga ni sai kujeru. Ta taga nake hango su tsaye a gindin darbejiya suna ta gyaɗa kai. Kafin su shigo magana ta dahu. Wa zan kai wa ƙara? In ce salla ta cuce ni?

Ranar da abin ya fi ci mini rai, maganar wata ungozoma ce. Ita kaɗai ce a wani ɗan asibitin ƙauye can wajen iyaka, inda in naƙuda ta zo da gardama sai dai a ɗora mace a amalanke. Ana so a dawo da ita gari, na kuma san in ta taso ba za a tura wata ba. Da aka kira salla sai na dubi shugaban taro na ce, "Ranka ya daɗe, a bari in ƙarasa kafin a tashi."

Ya ce, "Haba Hajiya, salla za ki hana mu?"

Aka kwashe da dariya. Mataimakina, wanda ni na koya masa aikin, shi ya fara miƙewa.

Da suka dawo shugaban ya ce, "Hajiya, kada ki wahalar da kanki. Mataimakinki ya yi mana bayani a hanya, an daidaita."

Na ce, "Shi ne shugaban sashen ko ni?"

"Subhanallahi! Ke ai uwa ce, mu duk 'ya'yanki ne."

Na dubi mataimakin nawa, ya duƙufa a kan carbinsa kamar yau ya fara ganinsa. Wallahi na ji haushi.

Washegari na shiga mota zuwa ƙauyen, don ungozomar ta ji daga bakina, ta san na yi iya ƙoƙarina. Na tarar da ɗakinta a share, katifa a naɗe, tukwane a cikin buhu.

Na ce, "Wa ya gaya miki?"

Ta ce, "Ai Hajiya tun makon jiya mataimakinki ya bugo waya ya ce in haɗa kaya. Ya ce umarninki ne. Har mai gari na yi wa sallama."

A bakin ƙofa mata masu ciki na zaune a kan benci, sun zo awo. Na gaishe su. Duk suka kawar da kai.