Yara Sha Tara, Uba Ɗaya

Jan Biro ake ce masa, amma ba a gabansa ba. Shekara talatin da huɗu ya yi yana koyar da Turanci a sakandaren da ke bayan gidansa, kuma a tsawon shekarun nan babu ɗalibin da ya taɓa miƙa masa littafi ya karɓe shi yadda ya bayar. Shafi zai tafi fari da baƙi, ya dawo kamar an yanka kaza a kansa. Aljihun rigarsa na hagu ma har ya yi jan tabo wanda sabulu ya gaji ya haƙura da shi.

Da ya yi ritaya kowa ya ɗauka zai huta. Ina. Wata biyu ya yi a gida yana gyara wa mai karanta labarai a rediyo Turanci, yana ja wa takardar magani layi, har matarsa ta ce ko dai ya nemi abin yi, ko ita ta nemi inda za ta riƙa wuni. Sai ya share garejin da bai taɓa ganin mota ba, ya sa kafinta ya buga benci biyar, ya shafe bango ɗaya da baƙin fenti ya zama allo. Duk Asabar da Lahadi, daga ƙarfe tara zuwa sha biyu, 'yan ajin ƙarshe masu shirin jarrabawar fita suke zuwa bitar Turanci. Ba ya karɓar ko sisi. Zai yi ta mita cewa yaran yanzu kansu kamar dutse, amma tun ranar Laraba yake fara jera alli. Gaskiyar magana, in ka raba shi da garejin nan ka gama da shi.

Yana da tsarinsa da ba ya canzawa. Awa ɗaya karanta labari da amsa tambayoyi, awa ɗaya taƙaita dogon rubutu, awa ta ƙarshe insha'i. A ɓangaren dama na allon kuwa akwai wani insha'i da ba a taɓa gogewa, sai dai duk shekara ya bi kansa da sabon alli. Kan maganarsa shi ne ranar da ba zan taɓa mantawa da ita ba. Labarin wani yaro ne ɗan tela, ranar da ruwa ya ci unguwarsu, uban ya ɗora keken ɗinki a ka ya ratsa ruwa har ƙirji, yaron na biye da shi rungume da jakar zare. Tun yana koyarwa a makaranta yake rubuta wa ɗalibai shi, ya taho da shi gareji kamar yadda ya taho da kujerarsa.

"Wannan labarina ne," yakan ce, yana buga allon da bayan biro. "Ku dube shi ku ga yadda ake gina insha'i. Ban ce ku haddace ba. Kowa ya rubuta nasa."

Su ce, "To, Malam."

Saura wata ɗaya jarrabawa makarantar ta yi wa 'yan ajin ƙarshe gwaji. Ranar Talata aka aiko cewa shugabar makaranta tana son ganinsa. Ya sa rigarsa mai tabo ya tafi da fara'a, don shugabar tsohuwar ɗalibarsa ce, kuma a zatonsa godiya za a yi masa.

Ta tashi ta gaishe shi, ta ba shi kujera, sannan ta ajiye tulin takardu a gabansa. Ya ɗauki ta farko. Tela, ruwa, keken ɗinki. Ya ɗauki ta biyu. Tela, ruwa har ƙirji. Ta uku ta yaron da Malam ya san ubansa sarai, makaniki ne mai gareji a bakin titi, amma ga shi nan ya ɗora keke a ka. Akwai 'yar direba, akwai ɗan mai gadi, akwai wata da mahaifinta likitan dabbobi ne, har da tagwayen mai sayar da taya, kowa rungume da jakar zare.

"Guda nawa ne?" ya tambaya.

"Sha tara, Malam. Duka 'yan garejinka. Ko waƙafi bai bambanta ba." Ta gyara zama. "Malamin da ya duba ya ce bai san akwai teloli haka a garin nan ba."

Bai yi dariya ba. "Na ce kada su haddace. Kullum sai na faɗa."

"Ni ma ka faɗa mini," in ji ta a hankali. "Kuma shekarar da na yi tawa jarrabawar, ni ma ubana tela ne."

Ya dube ta, ta sunkuyar da kai. Ta ce a lokacinsu mutum biyu ko uku ne suke yi, a wuce ba a lura ba. Amma takarda sha tara iri ɗaya daga ɗaki ɗaya, duk mai dubawa satar amsa zai kira shi, a soke sakamakon yaran, shekararsu ta tafi a banza. Don haka ta yanke shawara. Nan da kwana goma za ta sake yi musu gwajin insha'i. In ta sami ko biyu da suka yi kama, za ta rubuta wa iyaye cewa kada kowa ya ƙara taka garejin.

"Ka yi haƙuri, Malam. Kai ka koyar da ni, amma yaran nan amana ce a hannuna."

Ya iso gida ana zuba abincin rana, ya ƙi zama. Ya yi ta zagaye tsakar gida yana faɗa. Yaran banza, masu kan kwakwa, an ba su fitila su ga hanya sun tsaya lasar kwalbar. Shekara arba'in yana magana ashe da bango yake yi. Abin da ya fi ƙona masa rai, wai a ɗauki labarin mutum, labarin mahaifinsa da ke kabari, a raba kamar gyaɗa.

Matarsa tana tsince shinkafar dare a faranti, ba ta ɗago ba. "Wane mahaifin?"

"Kamar yaya wane mahaifi? Nawa mana."

"Malam, shekara talatin da takwas ina gidan nan. Baba ya zauna da mu shekara shida kafin Allah ya karɓi abinsa. Maɓallin rigarsa in ya cire ni nake mayar masa. Yaushe ya zama tela?"

Ta zubar da tsakuwar da ta tsince, ta ci gaba.

"Ɗan dako ne a tasha, Allah ya ji ƙansa, har wuyansa ya ƙi juyawa saboda kaya. Ni dai na ga kana jin daɗin telan naka ne shi ya sa ban taɓa tanka maka ba. Zauna ka ci abinci, zai huce."

Ya zauna, amma abincin bai ciwu ba. Ba wai ya manta ba ne. Ya dai daɗe bai duba wajen ba. Insha'in nan wani malaminsu ne ya rubuta musu a allo suna aji huɗu, shi kuma ya haddace, ya zuba shi a jarrabawa, ya ci. Da ya fara koyarwa ya rubuta wa ɗalibansa, wani ya tambaye shi ko labarinsa ne, ya ce e, don ya fi sauƙi. Daga nan telan ya samu wurin zama. Haushin yaran bai bar shi ba, sai dai yanzu ya rasa inda zai ajiye shi.

Ranar Asabar suka shigo sumu-sumu, don labari ya riga ya kai musu. Ya tsaya a gabansu ya wanke su tas, minti goma bai haɗiyi yawu ba. Da ya gama ya nuna 'yar direba, wadda ta fi kowa ƙoƙari a cikinsu.

"Ke ma? Ke da nake alfahari da ke? Ba ki da rana ko ɗaya a rayuwarki da za ki rubuta?"

Ta miƙe. "Ina da ita, Malam. Na rubuta maka a makon farko."

"Ina take?"

Ta buɗe littafinta ta kawo masa. Shafi ɗaya da rabi ne, kuma da ƙyar ake ganin baƙin rubutun saboda ja. Ya sa tabarau. A ƙarƙashin layukansa da zagaye-zagayensa akwai labarin ranar da babanta ya yi hatsari, aka kawo takalminsa ƙafa ɗaya gida kafin a san yana raye, ita kuma ta ɓoye takalmin a bayan randa don kada mamanta ta gani. A ƙasan shafin, da hannunsa, ya rubuta kuskure arba'in da uku, ya ƙara da cewa ta dubi na allo. Ya tuna ƙirga kuskuren. Bai tuna takalmin ba ko kaɗan.

"Namu in mun rubuta ja yake dawowa," in ji ta. "Na allo ne kawai babu ja. Kuma mu cin jarrabawa muke so, Malam."

Malam ya ɗauki tsumma ya jiƙa a bokitin da ke bakin ƙofa, ya nufi ɓangaren dama. Allin shekaru ya kama bangon, sai da ya dirje da ƙarfi, farin ruwa na gangarowa har gwiwar hannunsa. Da telan ya tafi ya juyo.

"Wannan ba labarina ba ne. Ni ma haddacewa na yi. Ubana ɗan dako ne."

Ya jira allon ya sha iska, ya ɗauki alli ya fara rubutu da Turanci, a hankali, yana gogewa yana sakewa, abin da ba su taɓa gani ya yi ba. Ya rubuta ranar da aka kai shi makarantar kwana yana ɗan shekara goma sha uku. Babansa ya ɗauko masa akwatin ƙarfe a ka tun daga tasha, da rigar aikinsa mai faci a kafaɗa. A bakin ɗakin kwana yara suka kewaye su, wani mai sabon takalmi ya tambaye shi ko wannan ne babansa. Shi kuma ya ce a'a, bai san shi ba, ɗan dako ne kawai da aka ɗauko a tasha.

A nan hannunsa ya tsaya. Sai ya ji wani sauti a bayansa, ƙaramin ƙara kamar na ɓera a cikin takarda. Ya waiwaya. Ban da 'yar direba, kawuna goma sha takwas a sunkuye, biro na gudu. Kwafa suke yi.

"Ku ajiye biron nan!"

Ɗaya daga cikin tagwayen ya ɗago da mamaki. "Malam, ba sabon ba ne?"

"Sabon me? Na raba ku da tela, yanzu kuma ɗan dakon za ku ƙwace mini? Uba ɗaya gare ni, kuma sau ɗaya na yar da shi, ya isa." Ya fizgi tsumman ya shafe rubutun tun bai kai ƙarshe ba. "Kowa ya yaga wannan shafin. Kai, ɗan mai gadi, tashi. Ba da Turanci ba. Faɗa mana da bakin da kake faɗa da ƙannenka, wace rana ce ba ka manta ba?"

Kwana shidan da suka rage, kullum bayan an tashi makaranta suna gareji. Wahala ce tsagwaronta. Yaro zai rantse babu abin da ya taɓa faruwa da shi, sai an yi ta jan sa kamar guga mai nauyi kafin a ji cewa ya taɓa ɓata a kasuwa wuni guda, ko shi ya karɓi haihuwar akuyarsu. In ya faɗa, sai ya zauna ya juya shi da Turancin da yake da shi. Malam ya ɗaure wa kansa doka, sai ya karanta takarda har ƙarshe kafin ya cire murfin jan biro, kuma kuskure biyar kawai zai ja a rana. Hannunsa har ƙaiƙayi yake yi. Ya ce wa matarsa yaran nan za su kashe shi kafin jarrabawa, ta ce ai ta ga ƙiba ma yake yi.

Aka yi gwajin. Washegari shugabar ta zo da kanta har gareji, yaran na zaune, ta miƙa masa takardun.

"Kuskure kam sai dai a ɗebe da kwando," in ji ta. "Akwai aiki a gabanka kafin ranar. Amma babu biyu da suka yi kama. Kowa ya koma wa ubansa." Ta dubi allon da babu komai a damansa, ta ce a ci gaba da zuwa.

Da aka tashi 'yar direba ta tsaya tana daidaita benci, har sauran suka fita.

"Malam, ka goge ba ka ƙarasa ba. Baban naka ya ji abin da ka ce?"

Yana mayar da alli cikin gwangwani, bai juyo ba. "Ya ji."

"Me ya ce?"

"Ya sauke akwatin a bakin gadona, ya gyara masa zama. Ya ce, 'Ga kayanka nan, yallaɓai, Allah ya ba da sa'ar karatu.' Ya fita." Ya rufe gwangwanin. "Har ya rasu bai taɓa tayar da maganar ba. Je ki gida, gobe ƙarfe tara, kuma ki zo da labarin takalmin nan mu gyara shi."