Ƙafar da Ta Daina Jin Zafi

Shekarar da na ajiye koyarwa ƙafafuna suka fara canja mini. Da farko tafin ƙafar ne ke yi kamar tururuwa na yawo a ciki. Daga baya sai na riƙa ji kamar na sa safa mai kauri, alhali ban sa komai ba. Ban gaya wa kowa ba. Haka na mahaifiyata ya fara a garinmu Kwaja, kuma ni na tallabe ta ranar da aka dawo da ita daga asibiti da ƙafa ɗaya.

Maƙwabciyata, matar wani ɗan kasuwa da suka zo daga Borno, ita ta fara lura da tafiyata.

"Malama, tsufa ne kawai," in ji ta. "Jini ne ba ya sauka."

Ta kawo mini wani katako mai ƙulu-ƙulu da ake murzawa a ƙarƙashin ƙafa. Na haɗa da man zafi da kwalbar lemo, kullum ina murzawa a gindin mangwaro. Babu abin da ya sauya. Da ɗana da ke aiki a Yola ya ji labari a bakinta, sai ya aiko da wata roba mai aiki da lantarki. Ana zuba ruwa a ciki, ta ɗumama shi, tana karkarwa tana tausa ƙafa.

Wata Asabar da hantsi aka kawo wuta. Na jona robar, na tsoma ƙafafu, na ɗora tiren wake a cinya ina tsincewa. Ban san tsawon zaman da na yi ba. Maƙwabciyar ta shigo aron rariya, ta ga tururi, ta sa yatsa a ruwan. Sai ta yi ƙara ta yarfe hannu.

"Malama, cire! Cire ƙafa! Wannan ruwa ai zai dafa ƙwai!"

Na ciro su. Fatar ta yi jajir, saman yatsun dama ya tashi bororo. Na zuba musu ido ina jiran zafin ya zo. Bai zo ba. Na sa farce na tsunkuli wurin, sai na ji kamar ƙafar wata nake taɓawa. Nan tiren ya suɓuce daga cinyata, waken ya watse a ƙasa.

Ita ta tsayar da keke napep, muka nufi asibiti. Har muka haye gadar kogi, addu'a ma ta ƙi haɗuwa a bakina. Da nas ta zo da almakashi za ta gyara fatar, na riƙe hannunta.

"'Yata, ki gaya mini gaskiya. Yankewa za a yi?"

"Mama, bari mu auna jininki tukuna."

Ciwon suga ne, kuma ya daɗe a jikina. Aka ɗora ni a kan magani, aka ce in riƙa zuwa wankin ciwo. Ƙaramin yatsan ya yi duhu, ya ƙi warkewa. Duk safiya sai na sunkuya na sunsuni bandejin, don na san warin da nake tsoro. In nas ta kwance shi, fuskarta nake kallo, ba ƙafar ba. Har damina ta wuce kafin wata rana ta ce, "Mama, nama ya fara cikowa." Na fashe da kuka a gaban mutane.

Yatsan ya tsira, farcen ne kawai bai dawo ba. Amma jin ƙafar ma bai dawo ba. Yanzu akwai ɗan madubi a ƙarƙashin gadona, da shi nake duba tafin ƙafata kafin in taka ƙasa. A hanyar coci nakan tsaya in dafa bango, in cire takalmi in kakkaɓe, ko wata tsakuwa ta shiga ban sani ba. Masu wucewa kan tambaye ni ko lafiya. Nakan ce lafiya lau.