Zaƙami a Kunyar Yalo

Ranar wata Laraba ce, bayan an gama noman farko, a shekarar da manyan motoci suka fara ratsa Gwagwalada ɗauke da rodi da siminti zuwa inda aka ce za a gina sabon birni. Shekarata tara. Ina tsugune ina wanke tukunya sai na ji Kaka ta kira sunana daga bayan gida, da muryar da ba ta fito da ita sai abu ya ɓaci. Na same ta tsaye a bakin kunyar yalo, riƙe da wani tsiro da ta tumɓuke har saiwa. Ta murje ganyen ta kai mini hanci. Wari ne mai hawa kai, kamar na ruɓaɓɓiyar taba. Ta ce, "Hanne, mene ne wannan?" Na ce yalo. Ta ce, "Zaƙami ne. Kuma ba shi da ƙafar da zai tako nan da kansa."

Sai wanda ya san lambun Kaka zai gane nauyin wannan magana. Ni ban taɓa shiga aji ba, abin da na sani a duniya a bayan gidan nan na koye shi. Ba wani babban fili ba ne, amma kowane tsiro da unguwarsa. Kusa da ƙofar kicin akwai na miya: kuɓewa, yakuwa, alayyahu, lalo da yalo, inda hannu zai kai ko da tukunya na kan wuta. Inda ruwan wanke-wanke yake kwanciya ta ba gwaza da ɗoɗɗoya, don su ba sa ƙoshi da ruwa. Lalle da karkashi na can tudu, wurin tsakuwa, ko an manta da su ba sa fushi. Citta kuwa tana ɓoye a inuwar gwanda, rana ba ta yi mata. Na magani, shuwaka da tazargade, gefensu daban, mu yara ba ma tsinka sai an aike mu. Sai can ƙarshe, jikin shinge, inda ta tara miyagu: tinya mai farin ruwan da ke makanta ido, bini-da-zugu, da zaƙami, wanda ta bari saboda akuya ba ta kusantarsa, kuma ita Kaka tana ɗaura ganyensa a kan kumburi. 'Ya'yansa kuwa, wanda ya ci sai ya tuɓe riga a kasuwa, in ma ya rayu. Kaka takan ce, "Na raba su ne don ranar da mai girki za ta tsinka ba ta duba ba."

To yalon nan ba namu ba ne tun asali. Ladi ce ta ba mu dashensa. Bagwariya ce, mijinta ya rasu, gidanta na bayan namu, shinge ɗaya ya raba mu. Akwai wata 'yar kafa a shingen da aka bari da gangan, ta nan ake miƙa wuta da gishiri, ta nan ta miƙo wa Kaka dashen wani farin yalo mai zaƙi da babu irinsa a duk unguwar, wanda ta gada daga uwarta. Da shi da sauran ganye take ci da 'ya'yanta uku, tana kaiwa kasuwa a kafaɗa kamar yadda matansu ke ɗaukar kaya.

Kaka ba ta da yawan magana, amma mahaifiyata ta faɗa wa mai kitso cewa Ladi ce ta cusa mana zaƙami a cikin dashen, mai kitso ta faɗa a bakin rijiya. Kafin Juma'a an tuno cewa akuyarmu ta taɓa cinye wa Ladi rama, an tuno irin kallon da Ladi ta yi mana ranar. Wata ta ce dama mijin nata ba a san abin da ya ci ba. Matan da ke sayen ganyenta suka riƙa wuce tallarta kamar ba su gan ta ba. Da idona na gan ta ta dawo da kwandon alayyahu ya yi yaushi, ta zuba wa tumakinta. Kaka ta sa aka toshe kafar nan da ƙaya.

Ni kuwa na san abin da ba su sani ba. Aikina ne ɗebo taki daga rugar Fulani da ke hayin rafi, tafiya mai nisa ga ƙafar yarinya. Ranar da aka dasa yalon, na tarar da ƙawayena suna 'yar carafke a gindin ɗorawa, na ce bari in yi hannu ɗaya. Ban farga ba sai da inuwa ta juya. Sai na zagaya ta bayan shinge, na kwashi baƙar ƙasar da ke gindinsa, mai laushi kamar gari, na cika kwando, na yayyafa busasshen kashin shanu a kai, na kawo aka zuba a kunyar yalo. A daidai wurin ne ƙwallayen zaƙami ke fashewa duk rani suna zubar da iri. Da na ga dabarar ta wuce lafiya, bayan mako biyu na sake, wannan karon na zuba a kunyar alayyahu.

Alayyahun ne ya hana ni sukuni. Shi ba a tsinkarsa ɗaya-ɗaya, damƙa ake yi a yanko. Kullum da safe, in Kaka ta shiga lazimi, sai in lallaɓa in duba tsakanin ganyen. A kwana na biyar na ga tsirran zaƙami sun fito, ƙanana, sun fi goma. Na riƙa tumɓukewa ina cusawa a bakin zane, na zubar a masai, na wanke hannu da toka. Kwana uku ina haka. A na huɗu na kai wa Kaka kunu, ta karɓi kwanon, amma ba ta saki hannuna ba. Ta ja shi zuwa hancinta. Ashe toka ba ta kashe warin zaƙamin ba. Sannan ta tashi ta je kunyar alayyahu, wadda hannun Ladi bai taɓa zuwa ba, ta tona da yatsa, ta fito da ƙayar tinya guda biyu a cikin ƙasar, abin da ba a samu sai a gindin shinge.

Ba ta doke ni ba, kuma da dukan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ɗora mini kwandon nan a kai, cike da ƙasar, ta tasa ni gaba. Ba gidan Ladi muka fara zuwa ba, bakin rijiya muka je, lokacin da mata suka fi cika. A nan na faɗi abin da na yi da bakina, sau biyu, don ta ce na baya ba su ji ba. Daga nan muka zagaya ta ƙofar Ladi. Kaka, da furfurarta, ta durƙusa mata. Ladi tana ɓarar gyaɗa, ba ta ɗago ba sai da muka gama. Ta dube ni ta ce, "Yarinya ce, ba komai." Sannan ta dubi Kaka ta ce, "Amma ke Iya, shekara goma muna miƙa wa juna wuta. Ko tambaya ba ki yi mini ba."

Masu sayen ganye sun koma mata, ba duka ba. Kaka ta cire ƙayar da ke kafar shingen da hannunta. Washegari muka tarar an toshe kafar daga ɗaya ɓarin, da sabon kara, an ɗaure tamau. Gaisuwa ba ta yanke ba, amma dashe bai ƙara tsallakowa ba. Irin da muka ajiye daga namu ya yi shekara biyu sannan ya gauraya da gauta ya koma ɗaci.

Yanzu ina zaune gidan ɗana a cikin birnin da motocin nan suka gina. Tsakar gidan duk siminti ne, lambuna bokitin fenti ne guda tara a jikin katanga, kuma ko su na jera su yadda Kaka ta jera nata. Mai gyaran fulawa yakan zo da tsirrai a baƙar leda, masu kyau, ba wanda ya san sunansu balle halinsu, ya ce oga ne, wato ɗana, ya ce a dasa. Sai in ce oga bai san inda jikokina ke wasa ba, a kai tsirran bakin get. Matar ɗana tana cewa na cika zargi. Gaskiyarta, har yau ba na sa ganye a tukunya ban murza na sansana ba, ba na karɓar ƙasa ban tambayi inda aka ɗebo ta ba. Na zagaya kasuwanni har Masaka ina ɗanɗana farin yalo, ban sami na Ladi ba, kuma unguwar tamu ma titi ya bi ta kanta. Zargin bai bar ni ba. Sai dai in abu ya tsiro inda bai kamata ba, kafin in leƙa bayan katanga, hannuna nake fara kaiwa hanci.