Cirar Gero a Gonar Iya

A Dauran aka yanke mini cibiya, kuma a ɗakin kakata Iya na yi wayo. Tun da aka yaye ni aka miƙa mata ni, na zama mijinta na wasa, ita kuma matata mai mita. Da damina, in an idar da sallar isha'i, takan hura wuta da karan gero a ƙarƙashin rumfa, ta ɗora ɗanyen ganyen dogonyaro don hayaƙin ya kori sauro. Mu jikoki mu kewaye ta muna jiran gatana, idanu na yaji amma ba mai tashi.

Da can tabarma biyu muke cikawa. Shekarar da aka cire Zamfara daga Sakkwato aiki ya buɗe a Gusau, baffannina suka tafi ɗaya bayan ɗaya, kowa da iyalinsa. Ban ga laifinsu ba. Gandun da marigayi kakanmu ya bari ya gaji, ciyawar wuta-wuta ta cinye rabinsa, hatsin rumbu ba ya kai mu bazara. Daga baya babana ma ya samu tuƙin mota tsakanin Kaura Namoda da Shinkafi, ya kwashe innata da ƙannena. Tabarmar ta koma ni kaɗai.

Wata damina, gero ya kai tsawon taƙi, sai ga Baba ya zo ɗaukata, wai a sa ni makaranta a Kaura. Na rungume ginshiƙin rumfa na rantse ba inda za ni. Ya dubi uwarsa ko za ta sa baki, ta ci gaba da tsince wakenta kamar kurma. Ya ce zai dawo ranar Juma'a, in shirya.

Da yammar nan mu biyu ne a bakin wuta. Ta wuni a 'yar gayaunarta tana cirar gero, ƙasa duk a faratanta.

"Maigidana, matso," in ji ta. "Yau gatanar taka ta, kai ɗai, ba mai raba ka da ita."

Na ce ta taho in ji ta, ina kumbura fuska.

Wai wani mutum ne ba ɗa ba jika, sai gona. Ya yi sassabe, ya kai taki, ya jira ruwan shuka. Da sama ta zubo ya ɗauki sungumi yana sara, yana jefa iri ɗan tsunkule a kowane rami yana rufewa da diddige. Gero ya tsiro cunkus. Ya yi noman firi, ciyawa ta mutu, lokacin cira ya yi. Cira kuwa ita ce a bi rami rami a tuge ƙananan tsiro, a bar masu ƙarfi su sami wurin miƙe saiwa. Yana sunkuyawa ya kama na farko, sai geron ya fashe da kuka.

Nan Iya ta maƙale murya kamar ta jinjiri. "Baba, kak ka raba mu! Tare munka kwana cikin ƙasa, tare munka hito."

Jikin mutumin ya yi sanyi, ya saki. Duk ramin da ya nufa kukan ke nan, har ya haƙura ya koma gida. Ya yi maimai, noma na biyu, kamar kowa. Geron maƙwabta ya yi kauri, ya yi ciki, ya fid da kai ya yi bununi. Nasa kuwa ya tsaya siri-siri kamar tsintsiya, ganye ya yi rawaya, zangarniya ba ta wuce yatsa ba. Ranar girbi ko dami ɗaya bai ɗaure ba. Ya zauna a kan kunyar gonar yana cewa ai tausayinsu ya ji.

"Sai karan yac ce mai: ba tausayinmu kaj ji ba. Kukanmu na ba ka iya saurare."

Ta tura guntun kara cikin wuta. Ko ƙurunƙus ɗin da ta saba rufewa da shi ba ta yi ba.

Na ce, "Iya, to waɗanda aka tuge fa? Mutuwa suke yi?"

"Wa yaf faɗa ma? Dashe a kai da su, inda rami bai tsiro ba. Su yi yaushi kwana kaɗan, kamar ba su tashi, sannan su kama. Kai dai ka cika baki, tashi ka kwanta."

Ranar Juma'a ita da kanta ta ƙulle kayana a ɗankwali ta raka ni bakin hanya. Na yi kuka har muryata ta dushe, ita ko gezau. Na daɗe ina jin haushinta a kan wannan.

Na yi yaushin, na kuma kama. Da hutu nakan je, in tarar ta hura wutar nan kamar da, tana zaune a gefenta ita kaɗai. Baba ya yi ta roƙonta ta dawo Kaura, ta ce gonar marigayi mijinta ba za ta koma saura tana da rai ba. Daminar da ta biyo bayan ƙaddamar da shari'a ta rasu. Maƙwabciya ce ta lura hayaƙi bai tashi a gidan ba, ta leƙa.

Yanzu ina da 'yar gona a bayan Kaura. Shekarar farko da na yi cira da hannuna, sai na riƙa barin tushe ɗaya tak a kowane rami, a ganina haka zai fi ƙiba. Wani dattijo mai gona kusa da tawa ya tsaya yana kallona.

"Ɗana, wa yak koya ma hakanga? Biyu a ka bari, ko ukku. Guda in iska ta taso ba shi da wurin jingina."

Na ajiye tsiron da ke hannuna na zauna a kan kunya, kewarta ta taso mini sabuwa fil. Iya ta tsufa tana cira, ba yadda za a yi a ce ba ta san wannan ba. Cire shi ta yi daga gatanar, domin ta san da ta faɗa, da ban shiga motar nan ba.