Yadda Na Raba Ɗa Da Uba A Kan Ruwan Habasha

Laifina ɗaya a makarantar nan ta Goronyo: ba na rabuwa da rediyo. Ranar da aka ce ɗalibanmu za su je Sakkwato taron kwaikwayon zaman ƙasashen duniya, shugaban makaranta bai ko waiwaya ba ya ce, "Malam, kai ka san duniya. Ga yara nan."

Yaran kuwa ba su san komai ba. Na farkon da na ce ya miƙe ya yi jawabi, sai da ya gaida shugaban zama, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya kusa tambayar awaki, lokacinsa ya ƙare. Na yi ta nanata masu cewa a wurin nan ba ra'ayinka kake faɗi ba, na ƙasar da aka ba ka ne, ko da zuciyarka na ƙuna.

Batun da aka ba mu rabon ruwan kogi ne. Wata yarinya mai baki kamar reza ta sami Masar, masu jiran ruwa a ƙasa. Habasha, masu madatsa a sama, ta faɗa kan wani dogon yaro ɗan Rimawa. Gonar albasar ubansa ita ce ta ƙarshe a kan magudanar ruwa, kuma duk rani maƙwabcinsu na sama sai ya toshe ta har nasa fili ya ƙoshi.

"Malam, ni zan ce a tare ruwa?" in ji shi.

Na nemi a musanya, masu shirya taron suka ce an riga an raba. Shugaban makaranta ya ce in yaron bai je ba, kada in dawo masa da labari. Shi kuwa yaron bai taɓa taka Sakkwato ba, har ya ari takalmi.

Ni na ba shi shawarar da ta kashe ni. Na ce ya fara gwada jawabin da Hausa, da ƙarfi, kafin ya juya shi Turanci. Sai ya je gona ya tsaya cikin albasar da ta yi yaushi yana cewa na sama yana da iko da ruwan da ya ratsa ƙasarsa. Uban na bayansa da fartanya.

Washegari ga dattijo a ƙofar aji.

"Malam, mi na yi maka? Nawa wancan mutumin ya ba ka?"

"Baba, wasa ne. Habasha ce ke magana."

"Habasha ta ci tuwona jiya? Ba ya zuwa ko'ina."

Na roƙe shi ya zauna ya gani da idonsa. Yarinyar Masar ta miƙe ta zazzaga, dattijo na ta cewa, "Gaya masu, ɗiyata!" Da aka zo kan Habasha, yaro ya dubi ubansa, ya sunkuyar da kai. Na yi tari, na yi masa ido har idon ya kusa faɗowa. A banza. Wa zai musa wa ubansa a gaban mutane?

Dattijo ya daɗe yana kallon takalman aron nan. Can ya ɗauki sandarsa ya fita, ya tsaya bayan taga inda yaron ba ya ganinsa. Sannan Habasha ta sami baki.

Da muka tashi ya tare ni. "Shi tafi. Amma tunda kai ka iya raba ruwan duniya, gobe ka zo ka raba namu."

Yaro ya je Sakkwato ya dawo, yanzu har ya gama makaranta. Ni kuwa duk rani ina bakin magudanar nan, wando a naɗe, tsakanin dattawa biyu, kowanne na rantsuwa ɗayan ne ya saye ni.