Turmin Inna da 'yar farin Lauratu

Lauratu ta gidan Malam Bamalli a Chaza, tun tana budurwa in ta ɗora ruwan zafi sai ya ƙone. Mu abokan wasanta mun yi ta rantsuwa mijinta da gari da ƙuli zai rayu. Sai ga shi Allah ya ba ta 'yar da ƙuli kan iya kashewa.

Jannatu ce, 'yar farinta. Ko ɗigon man gyaɗa ya shiga bakinta sai leɓɓanta su kumbura, numfashi ya riƙa fita da ƙyar. Likita ya ce a raba mata komai.

To, madafi ɗaya ne a gidan, matan 'yan'uwa duk nan suke girki. Lauratu ta sayo tukunya da ludayi da muciya, ta ɗaura musu jan ƙyalle. Amma bayani ya gagare ta, don 'yar fari ce: ko sunanta ba ta faɗi, balle ta nuna damuwa da ita a gaban surukarta, Inna. Sai dai ta sunkuyar da kai ta ce, "Wai yarinyar nan ba ta son gyaɗa."

"Ba ta so?" in ji Inna. "Mu da gyaɗa aka yaye mu. Iyayi ne na 'yan Abuja."

Wata Juma'a Inna ta daka ƙuli na yaji a turminta, ta goge shi tas da tsumma, sannan ta jajjaga tattasan miyar jikarta a ciki. Ita a ganinta gata ta yi. Loma biyu yarinyar ta kai, ido ya rufe. Da keke-napep aka kai ta asibiti a Suleja.

Da suka dawo, Lauratu ta durƙusa a tsakar gida, ta ɗaga kai ta dubi Inna.

"Inna, Jannatu 'yata ce. Itace yana shan mai, tsumma ba ya fitar da shi. In aka sake, gawarta za mu ɗauko."

Har kaji sai da suka daina tono. Ba a taɓa jin sunan a bakinta ba.

Inna ta miƙe. Ta mirgino turmin nan da ta gada wurin mahaifiyarta, ta kife shi a ƙofar madafi, ta zauna a kai. Har yau nan take zama. Duk wadda ta zo shiga sai ta tare ta da sanda: "Ke, me kika taɓa? Koma ki wanke hannu da sabulu."